Mai Son Rage Ƙiba Ya Ƙirga Cokalin Sukari

Ga jawabin da wata malamar asibiti ta yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci a Ambursa.

Ta ce mutane na ɗaukar ƙiba alamar hutu ce, alhali tana jawo ciwon sukari da hawan jini.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin babban mutum ya wuce ƙaramin cokali 12 a yini. Kwalbar lemo ɗaya na iya ɗaukar kusan 9. Ga na mai shayi, ga na koko, ga na fura. Kafin azahar an wuce ƙa'ida.

Ta ce kada a daina lokaci guda, baki ba zai yarda ba. Mai zuba cokali 4 ya koma 3, bayan mako ya koma 2. Zuma da mazarƙwaila ma sukari ne.

Abincin tasha, ba wanda ya san yawan man da aka zuba. A gida kuwa ludayi na hannun uwargida. A rage malmalar tuwo, a ƙara zogale, wake da kifin gulbi.

Mai yawan fitsari da ƙishirwa ya hanzarta zuwa asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, a gwada jininsa.