Zuciyar Mijin Da Ke Dukan Matarsa: Jawabi Ga Dattawan Ikilisiya

'Yan'uwa ƙaunatattu na ikilisiyoyin Wurno, Rabah da Goronyo,

Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun sha duka, cin zarafi ko muzgunawa a hannun mazajensu. Ba mu da dalilin zaton cewa gidajen masu bi sun tsira daga wannan.

Masana da suka zauna da mazan da kotu ta hukunta kan dukan mata sun ga halaye da suke maimaituwa. Na farko, irin wannan miji yakan ɗora laifin a kan matar: ita ta tsokane shi, ita ta yi jinkirin abinci. Haka Adamu ya yi a Farawa sura 3, ya miƙa laifinsa ga Hauwa'u. Na biyu, yakan raina abin da ya aikata, ya kira dukan da ya kai mace asibiti "ɗan mari". Na uku, yakan ɗauki shirun matarsa ko gaisuwar da ta yi da maƙwabci a matsayin raini. Da yawansu kuma ba su iya faɗin baƙin cikinsu ko tsoronsu da baki, sai ya fito ta hannu, giya kuma tana ƙara hura wutar.

A shekarar 1998, masana biyu a Amurka, Neil Jacobson da John Gottman, sun bayyana cewa akwai mazan da bugun zuciyarsu yakan ragu a lokacin da suke zagin matansu. Waɗannan da natsuwa suke yi, domin su mallake ta. Ranar Lahadi kuwa sai ka gan su da ladabi.

Dattawa, da yake mu 'yan kaɗan ne a waɗannan garuruwa, mukan ji tsoron abin kunya a gaban maƙwabta, sai mu ce wa matar ta yi haƙuri ta koma. Wanda bai yarda ya yi laifi ba, hawayensa a gaban fasto bai isa shaidar tuba ba. Mu saurari matar ita kaɗai, tare da shugabar Zumuntar Mata. Mu sama mata wurin kwana in ranta yana cikin haɗari. Mu tambayi mijin abin da shi ya yi, kada mu bar shi ya juya zancen kanta. Mu kuma sani cewa jihar Sakkwato ta sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane a 2021, kai ƙara kuwa ba zunubi ba ne.

Ku karanta Kolosiyawa 3:19 da 1 Bitrus 3:7 a gidajenku a wannan mako. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.