Zaman Fada a Azumin Bazara

  

Tambayoyi sun taru a hannunmu a kan abu guda, watau zaman fada cikin dararen azumi. Iyaye suna roƙon mu fito fili mu ce haramun ne, ko ƴaƴansu sa dawo gida. Samari kuwa suna tambaya ko akwai laifi ga mutum ya zauna da abokansa bayan asham su sha shayi. Ga dukkan alamu amsarmu ba za ta yi wa ko wane ɓangare daɗi ba, domin ba mu da ikon haramta abin da Allah bai haramta ba, ba kuma za mu wanke abin da muke gani da idanunmu ba.

Mu fara da zafin, tun da shi ne ke korar mutane waje. Azumin shekara 1443 ya faɗo cikin Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun Birni ke ɗaukar rana tun hantsi su riƙe ta har bayan lisha. Masu auna zafi suna cewa yana haura 40. Dattawan da suka yi azumin 1989 da 1990 sun san wannan rana, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11, saboda haka Ramadan yake kewaya bazara da dari da kaka da damina, ya komo inda ya faro bayan shekara 33 ko kusa da haka. Malaman lugga sun ce sunan watan kansa an ciro shi daga kalmar da Larabawa ke kiran ƙasa da ita idan ta yi zafin ƙuna. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa an ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana zuba ruwa a kansa alhali yana azumi, saboda ƙishirwa ko zafi. Don haka wanda ya jiƙa rawaninsa, ko ya watsa ruwa da rana, ko ya nemi inuwar bedi ya kwanta, bai rage kome daga azuminsa ba. Haka wanda ɗakin kwano ya kore shi da dare, wuta kuma ta ɗauke, ya fito da tabarma ƙofar gida wajen abokansa, babu wanda zai zarge shi.

Sa'an nan ita fadar, daga ina ta samo suna? Daga fadar sarki. Wanda ya taɓa shiga fadar Damagaram ya san ba a zama cikinta a banza. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884, har zuwa yau, kowane mai zama a wurin yana da suna yana da aiki: wannan shi ke shigar da baƙo, wannan shi ke kai saƙo, wannan shi ke sauraren ƙara. A zamanin Kunce muna da samariya, wadda ke fita gayya, ta share unguwa, ta yi yaɓen makaranta, ta tarbi baƙi. Da samariya ta lafa, aikin gwamnati ya yi wuya, masu takarda suka yi yawa ba wurin kai ta, sai fada ta yaɗu cikin shekarun 1990, har ya zama da wuya ka wuce lungu ba ka ga benci da buta da suna rubuce a bango ba. Sun ɗauki sunan fada, sun naɗa shugaba da ma'aji. Abin da muke tambaya shi ne ko sun ɗauki aikin tare da sunan.

Wasu sun ɗauka, kuma wajibi ne mu faɗa. Mun ga fadar da ta haƙa kabari da tsakar rana cikin wannan azumi, ta ɗauki gawar baƙon da ba shi da kowa a garin nan. Mun ga wadda ta tara dala-dala ta biya wa ɗan'uwansu magani. Akwai unguwannin da ɓarawo ba ya shiga domin ya san samari na zaune. Uban da yake son mu zagi fada gaba ɗaya ya tuna ranar da aka yi masa rasuwa, su wa suka kafa rumfa, su wa suka jera tabarmi.

Amma zama a bakin hanya yana da haƙƙi, kuma ba mu ne muka ƙago shi ba. Ya tabbata cikin ingantattun hadisai cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Suka nuna masa cewa ba su da makawa, nan ne wurin hirarsu. Ku lura, bai tashe su ba. Sai ya ɗora musu sharaɗi: su runtse ido, su kame cutarwa, su amsa sallama, su yi umurni da alheri, su hana mummuna. To, ya kai ɗan fada, auna zamanka da wannan mudu. Yarinyar da uwarta ta aika sayen ƙanƙara, me ya sa take zagaye ta bi wani lungu mai duhu maimakon ta wuce ta gabanku? Tsohon da ke bayan bangon da kuka jingina, wanda zai tashi sahur ya tafi kasuwar Dole da sassafe, ya samu barci kuwa, ko kiɗan wayarku ya kwana cikin kunnensa? Buta tana hawa wuta sau uku, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma tsakanin hawa da hawa naman mutum nawa aka ci? Giba ba ta wajabta ramuwa a fiƙihu, gaskiya ne, amma tana cinye lada kamar yadda gara ke cinye azara, rufi yana tsaye ciki kuwa babu kome.

Ba za mu daɗe kan karta da lido ba. Duk wasan da aka aje kuɗi a kansa caca ne, caca kuwa haramun ce da azumi da ba azumi. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya hana wasan nardu, wanda ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo, bai ma ambaci kuɗi ba. Ƙwayar da ake narkawa cikin shayi don a ji ƙarfi, wannan ba ta buƙatar dogon bayani, mai sayarwa da mai sha duk sun san abin da suke yi.

Abin da ya fi damunmu shi ne dare kansa. An ruwaito cewa Annabi ya kasance yana ƙin barci kafin lisha da hira bayanta, malamai kuma suka keɓe hirar ilimi, da ta baƙo, da ta mutum da iyalinsa, da abin da ke da maslaha. Hikimar a bayyane take. Daren bazara gajere ne. Wanda ya zauna tun bayan asham har mai ganga ya fara tashin mutane sahur, ya ci ya sha ya kwanta, yaushe zai farka? Asuba ta wuce shi yana gyangyaɗi, azahar ta wuce yana minshari, wani ma sai la'asar sakaliya yake buɗe ido ya tambaya saura minti nawa a sha ruwa. Azuminsa ya inganta a hukunci, ba mu ce ya rama ba. Amma ya riƙe farilla guda ya saki biyu ko uku, alhali salla ce ke gaba da azumi cikin shika-shikan Musulunci.

Kuma yayin da yake barcin nan, wa ke ɗauke da gidan? A nan ne muke son ku buɗe kunnuwa, domin maganar ta garinmu ce. Allah ya kafa Zinder a kan dutse, ruwa ba ya zama ƙarƙashinta da yawa. Tun muna yara ake jawo mana shi daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga baya Arunguza, daga baya Ganaram, amma gari yana ƙaruwa, kuma duk bazara sai an ji a jika. Akwai unguwannin da famfo ba ya kawowa sai tsakar dare, in ya kawo. Ku fita ƙarfe biyu na dare ku duba su wa ke layi da bido. Mata ne, wasu da goyo, wasu da ciki, da ƴan mata, da almajirai, da tsofaffin da ba su da kuɗin garuwa. Taku kaɗan daga wurin, ga samari goma majiya ƙarfi kewaye da murhun gawayi, suna gardamar ƙwallon Turai. Ruwan da ke cikin butarsu, daga randar gida suka ɗebo shi, kuma uwar ɗayansu ce ta ɗauko shi a kanta. Matar nan za ta wuni da azumi kamar yadda za su wuni, sai dai ita za ta yi daka, ta dama kunu, ta soya ƙosai a gaban wuta lokacin da rana ta fi ƙuna, sa'an nan idan an kira magariba a ɗauki kwano mafi kyau a kai fada.

Wannan shi ne laifin da muke gani, kuma ya fi na shayi girma. Zaman halal ne, amma wani ne ke biyan kuɗinsa da barcinsa da wuyansa.

Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina daga mai ita, wanda ke sayar da ruwanta, ya bar wa Musulmi su sha kyauta. Sa'adu ɗan Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu ya nemi sadakar da ta fi, aka nuna masa ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Ba mu ce ku sayi rijiya ba, mun san aljihunku. Amma kuna da abin da Usmanu bai ba da ba a wannan ciniki, watau ƙarfin damtse da dare wanda dama ba barci kuke yi cikinsa ba. Kowace fada ta ari kura ko amalanke. Ku ƙidaya gidajen lungunku da ke da tsohuwa ita kaɗai, ko gwauruwa da marayu, ko majinyaci. Ku raba dare biyu, huɗu su tafi layi, sauran su riƙe buta, gobe a juya. Ku fara da randar uwarku, domin ba a tsallake gida a kai sadaka dawa. In kun cika randuna ku dawo ku sha na ukunku, za ku ji zaƙinsa dabam. Kuma ku sa wa zaman iyaka, a tashi da sauran dare, yadda ladan zai same ku a sahu da asuba. Limaman unguwanni, muna roƙonku, kada ku tsaya zagi daga kan mumbari. Ku taka ku je fadar, ku yi sallama, ku karɓi kofi, ku faɗa musu wannan da bakinku. Har waɗanda ake kira ƴan pale, waɗanda kowa ke tsoro, ƴaƴanmu ne, mu muka yi musu huɗuba a kunne ranar da aka haife su.

Tun da mun ambaci ruwa, ga hukunci ga ƴan garuwa da masu dako da magina, domin sun tambaya. Kada ɗayanku ya kwana da niyyar ba zai yi azumi ba saboda gobe akwai aiki. Ya wayi gari da azuminsa, ya nemi yin mai nauyin aikin da sanyin safiya. In ƙishirwa ta kai shi inda yake tsoron cuta mai tsanani ko halaka, ya sha, ya rama bayan salla, babu kaffara a kansa. Ku kuma masu sayen ruwa a hannunsu, ku ji tsoron Allah wajen ciniki, ku masu sayarwa ku ji tsoronsa wajen tsawwalawa.

Saura maganar salla, wadda muka ji tuni an fara yanka anko. Murna ranar idi sunna ce. Ku sa sabon kaya in kuna da hali, ku fita kallon hawa, ku ji kakaki da algaita, ku ga dawakin Sarki da dogarai, ku zaga gidajen abokai ku ci alkaki, ku ɗauki hoto. Babu mai hana ku. Amma cikin kowace fada akwai wanda ba shi da kuɗin shaddar da shugaba ya zaɓa, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Shi ne zai ci bashi, ko ya sayar da akuyar uwarsa, ko ya miƙa hannu inda bai kamata ba, don kada a ce ya gaza. Ku zaɓi yadin da mafi talaucinku zai iya saya, ko masu hali su rufa masa asiri ba tare da an sani ba. Kuma kafin kuɗin tela akwai zakkar fid-da-kai, sa'i guda, watau mudun Annabi huɗu, daga abin da garin ya fi ci, mu nan gero ne, a kan kowane rai da kake ciyarwa. Ana fitar da ita safiyar idi kafin a tafi masallaci, ya kuma halatta a gabatar da kwana ɗaya ko biyu. Saurayin da ke samun na kansa, ita ma tana kansa, kada ya bar wa tsoho. Tseren babur da ake yi da yammacin salla, mutum uku a kan ɗaya, mu da ake kira wankan gawa mun san inda yake ƙarewa, saboda haka shugabannin fada su karɓi makulli a hannun wanda suka san ba ya jin magana.

Lokacinmu ya cika. Akwai wata baiwar Allah daga Tanut da ta aiko tambaya kan mai shayarwa da ta sha azumi saboda ɗanta, shin ramuwa kaɗai ce a kanta ko da ciyarwa. Da ita za mu buɗe gobe in Allah ya kai mu. Allah ya karɓi ibadunmu, ya shayar da mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu.