Aiki a Kaduna, Albashi a Landan: Ina Doka Ta Tsaya?

Jawabin da wani ɗalibi ya yi a zauren muhawara na Ƙungiyar Ɗalibai



Maganar da aka ba ni yau iyayenmu ba su san ta ba, amma mu ga shi ta iske mu har gida, watau mutumin da ke zaune a wata ƙasa yana yi wa kamfanin wata ƙasa dabam aiki ta intanet. A ce ga wani mutumin Indiya ya kama gida a Unguwar Rimi ko Malali, kullum da hantsi ya buɗe kwamfutarsa yana yi wa wani kamfanin Landan lissafi, ƙarshen wata albashinsa ya faɗa bankin Ingila. To, wa ya ba shi izinin aiki? Wa kuma ke da harajinsa? Abin da zan kare a gabanku shi ne, doka ta fi duban inda mutum ya shimfiɗa tabarmarsa bisa ga inda kamfani yake, ko inda kuɗi ke sauka.

Mu fara da izini. Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta gaji ta 1963, ta hana baƙo kama aiki a Nijeriya sai da yardar hukuma. Hanyar kuwa sananniya ce: kamfanin da ke nan ƙasar shi zai nemi gurbin ma'aikata baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sa'an nan baƙon ya shigo da bizar da ta dace, daga bisani Hukumar Shige da Fice ta ba shi katin zama da ake kira CERPAC. Duk wannan gini a kan ginshiƙi ɗaya yake tsaye, watau uban gida na nan gida wanda zai tsaya masa. Mutuminmu na Malali ba shi da wannan uban gida. In ya shigo da bizar ziyara, ba ta aiki ba ce. In ya nemi ta aiki, ba mai sa masa hannu. Ba a rubuta dokar da irinsa a zuci ba, domin masu rubuta ta injiniyan masaƙa da malamin makaranta suka sani.

Wasu ƙasashe sun ga wannan giɓi sun cike shi tun lokacin annobar korona. Estoniya da Barbados sun buɗe biza ta musamman a 2020, Namibiya a 2022, Afirka ta Kudu a 2024. Sharaɗinsu kusan ɗaya ne: ka nuna albashinka daga waje yake zuwa, kuma ya isa ya riƙe ka, ba za ka ƙwace aikin ɗan ƙasa ba.

Maƙwabtanmu suna da sauƙi, amma sauƙin yana da iyaka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Gana ko Benin damar shigowa ba biza har kwana 90, bayan haka sai ya nemi takardar zama. Ɗan'uwanmu na Maraɗi kuwa ƙasarsa ta fita ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, ko da yake ECOWAS ta ce a lokacin a ci gaba da karɓar takardunsu har a sake sanarwa. Kada wani ya ce takarda ba kome ba ce tun da harshe ɗaya ne, addini ɗaya. A 1969 Gana ta kori baƙi marasa takarda, cikinsu har da Hausawan zango da aka haifa can. A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba irin waɗannan baƙi mako biyu su tattara nasu-ya-nasu, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su takarda, sai ranar da tattalin arziki ya karye.

Sai haraji, inda maganar ta fi nauyi. Kakanninmu sun san wannan ƙa'ida tun kafin a san lantarki: mai unguwa yakan ƙirga wanda ya tarar a unguwarsa, jangali kuma inda aka iske garke nan ake karɓarsa, har gwamna Balarabe Musa ya soke su a wannan jiha a 1979. Harajin zamani ma ƙirgar kwanaki yake yi. Wanda ya yi kwana 183 a Nijeriya cikin wata 12, doka ta ɗauke shi mazauni, ko wane irin fasfo ke aljihunsa. Sabuwar Dokar Haraji, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, aka kuma tsayar da 1 ga Janairu 2026 ranar fara aiki da ita, ta ce mazauni zai biya haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito. Naira 800,000 ta farko a shekara ba a taɓa ta, daga nan a yi ta hawa har kashi 25 cikin 100 ga manyan masu samu. Harajin mazauni kuwa na jihar da yake zaune ne. Ke nan albashin da ya sauka Landan, hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna tana da rabo a cikinsa, tun da hanyarmu yake bi, asibitinmu yake zuwa.

Wani zai ce, ashe za a yanke shi sau biyu? Nijeriya tana da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ƙasashe irin su Ingila, Faransa, Kanada da Sin. Ba ta da ita da Amurka, alhali kuwa Amurka tana bin 'ya'yanta da haraji duk inda suke a duniya. Saboda haka Ba'amurken da ya zauna Kawo takardu biyu zai cike kowace shekara.

'Yan'uwana ɗalibai, kada mu zaci maganar baƙi ce kaɗai. Da yawanmu muna neman tafiya karatu waje, wasu kuma tun yanzu suna yin ɗan aikin zane ko fassara ta intanet. Ranar da ka sauka Ingila da bizar ɗalibi, kai ne mutumin Malali. Awa 20 a mako aka yarje wa ɗalibin digiri lokacin karatu, an kuma hana shi sana'ar kansa sam. Aikin da kake yi wa wani Alhaji na Kasuwar Shehu Abubakar Gumi daga ɗakinka a Manchesta, a wurinsu aiki ne a Ingila, ko da naira aka biya ka.

Ra'ayina, Malam Shugaba, shi ne bai kamata ƙasa ta miƙa hannun dama tana karɓar harajin mutum, ta kuma rufe masa ƙofar izini da na hagu ba. Majalisar Tarayya ce ke da ikon dokar shige da fice, ba jiha ba, don haka ina ba da shawara wannan Ƙungiya ta rubuta wa wakilanmu na Kaduna ta Arewa ta nemi a ƙara rukunin biza ɗaya ta shekara guda ga mai aiki daga nesa, a haɗa ta da lambar biyan haraji tun ranar shigowa.