Yadda Tsoro Yake Zama a Ƙwaƙwalwa

Yau hirarmu a kan tsoro take.

Manomi yana noman gyaɗa, maciji ya sare shi. Ya warke, amma ko baɗi ya ji motsi cikin ciyawa sai gabansa ya faɗi. Magabata sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, mi ya sauya a jikinsa?

Ku saurara da kyau. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Masana suna kiransa amigdala, shi ne mai gadin jiki. Ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo da wani sinadari, gulutamat. Ƙwayar da aka aika wa tana da ƙananan ƙofofi na karɓar saƙon. Ran da motsin ciyawa da zafin sara suka zo tare, sai ƙwayar ta ƙara yawan waɗannan ƙofofi. Daga ranan, motsi kaɗan ya isa ya tada mai gadi.

An gwada wannan a Amurka. Akan kaɗa wa ɓeraye wata ƙara, a haɗa da ɗan jan lantarki a ƙafa. Bayan haka, ƙarar kaɗai takan sa su daskare. A 1997 Joseph LeDoux da abokan aikinsa sun nuna hanyar saƙon ta ƙara ƙarfi. A 2005 kuma aka ga sababbin ƙofofin, masu suna AMPA, suna shiga mahaɗar jijiyoyin. Da aka tare su, ɓerayen ba su riƙe tsoron sosai ba.

Ina amfanin wannan a gare mu? Yaro ma haka yake koyo. Uwar da take cewa ɗanta «in ba ka yi shiru ba, likita zai yi maka allura», tana ƙara masa tsoro ne. Damina ta zo, zazzaɓin sauro ya kama shi, ya ƙi likita da kuka da birgima, a yi ta jinkiri har ciwo ya yi nisa.

Amma akwai gyara. In ɓera ya yi ta jin ƙarar babu jan lantarki, a hankali sai ya daina daskarewa. Tsohon tsoro bai goge ba, sabon darasi ne ya danne shi. Don haka iyaye, ku bar razana yara da allura. Ku tafi da su awo suna lafiya, ku riƙe su, ku lallashe su. Wanda ya firgita kuma, kada a yi masa dariya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.