Wane Itace Ne Zai Jure Gishirin Teku?

(Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya mazauna bakin teku a Ikko)

 

Kowace damina mukan kashe kuɗi mu sayo dashen mangwaro da lemo da fiya, mu dasa a harabar masallaci da ƙofar gida, tun daga Badagiri har Aja. Kafin shekara ta zagayo sai bakin ganye ya ƙone, itace ya bushe. Wasu su ce rashin taki ne. To jama'a, gishiri ne. Iskar teku ce ke ɗauko shi ta yayyafa wa ganye, ruwan ƙasa ma da gishirinsa, saiwa ba ta iya sha. Lemo da fiya kuwa su ne kan gaba wajen rashin juriya.

Shawararmu ita ce mu dubi abin da Allah Ya tsirar a wurin, mu yi shuka layi-layi. A kan yashi, daf da ruwa, akwai wata yaɗo 'yar'uwar duman rafi, mai ganye kamar kofaton akuya. Kada mu nome ta, ita ke riƙe yashi. Bayanta sai kwakwa, wadda Badagiri ta yi suna da ita, sannan kajinjiri, wato dabinon biri. Dabinonmu na gida yana jure gishiri, amma laimar nan ba ta barin 'ya'yansa su nuna da kyau. Wanda ya nace sai mangwaro, ya kai shi bayan gini inda bango ya tare iska, ya yi masa tudun ƙasa.

Sai itatuwan fadamar gishiri da ake kira mangurof, masu saiwa a waje. Su ke karya ƙarfin igiyar ruwa, a gindinsu kifi ke hayayyafa. Don Allah mu daina sayen itacensu don girki.

Mu kuma yi hattara da baƙon iri. A 1906 aka kawo kwakwar nipa Kalaba daga Asiya, yau ga shi ta mamaye wuraren mangurof da yawa a can.

Kafin mu ba mai dashe kuɗi, mu tambaye shi ko itacen yana jure gishiri, mu kuma tambayi masunta 'yan ƙasa, sun riga mu zama a nan.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.