Lissafin Kalori A Wayar Hannu: Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Sani

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo biranen ƙasar nan, watau rubuta abin da mutum ya ci a cikin wayar hannu. Akwai manhajoji irin su MyFitnessPal da Cronometer, waɗanda in an shigar musu da abincin yini sai su ba da jimillar kalori, watau ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Sukan kuma nuna yawan manyan sinadarai uku: furotin mai gina jiki, da kabohaidiret na sitaci da sukari, da kuma maiƙo. Masu neman rage ƙiba suna amfani da su, haka 'yan wasanni, haka masu ciwon sukari. Da yake wayar takan nuna adadi cif, kamar a ce kalori 1,847, mutane da yawa sun ɗauka awo aka yi. Alhali kuwa kintace ne.

Tushen lissafin ya girmi wayar da fiye da shekara 100. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masani a Amurka, Wilbur Atwater, ya tsara ƙa'idar da ake bi har yau: kowane giram na furotin kalori 4 ne, na kabohaidiret ma 4, na maiƙo kuwa 9. Waɗannan alƙaluma matsakaita ne, ba kowane abinci suka dace da shi daidai ba. A shekarar 2012 masu bincike na Ma'aikatar Noma ta Amurka sun gwada 'ya'yan itacen almon, suka tarar giram 28 yana bai wa jiki kalori 129, ga shi kuwa ƙa'idar Atwater ta ce kusan 170. Dalili shi ne wani ɓangare na maiƙon yakan wuce ba tare da ciki ya narkar da shi ba. Rubutun jikin kwali da gwangwani ma ba a tilasta masa zama daidai ƙwabo da ƙwabo ba, domin dokar Amurka ta yarda kalorin da ke ciki ya zarce wanda aka rubuta da kashi 20 cikin 100.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne in aka gwada shi da kuskuren da ke aukuwa wajen zaɓen abinci a cikin manhaja. Da yawa daga sunayen abincin da ke MyFitnessPal masu amfani da ita ne suka shigar da hannunsu, saboda haka mutum kan ga abinci ɗaya da alƙaluma iri-iri. Wani ya kwafi adadin kilojul a gurbin kalori, ga shi kuwa kalori ɗaya ya ɗara kilojul 4, sai adadin ya ninka sau huɗu. Wani kuma bai faɗi ko ɗanye ya auna ko dafaffe ba. Wannan bambanci babba ne ƙwarai da gaske. Giram 100 na ɗanyar shinkafa yana da kalori kusan 360, amma na dafaffiya kusan 130 ne kawai, domin ta sha ruwa ta kumbura.

A kan abincin gida kuwa lamarin ya fi rikicewa. Mutum ya rubuta "tuwo malmala ɗaya", to malmalar wane gida? Ta wani gidan ta yi biyun ta maƙwabcinsa. Miyar taushe da miyar kuka da ta agushi duka ƙarfinsu ya dogara ne ga man da uwargida ta zuba, kuma ba mai auna shi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori kusan 120 ne. In ludayin da aka ɗebo da shi yana cin cokali 10, to kalori 1,200 ke nan ya shiga tukunya, wanda wayar ba ta da labarinsa. Inda ake ci a tire ɗaya kuwa, sai wanda ya ƙirga lomarsa ne zai san rabonsa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma shi ya fi cancanta a dogara da shi a kan gero da dawa da rogo da wake. Sai dai jadawali ba zai san hannun mai girki ba.

Sannan ga mantuwa, wadda ɗan Adam bai rabuwa da ita. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1992, an lura da mutum 10 masu cewa abincinsu bai kai kalori 1,200 a yini ba amma ƙibarsu ta ƙi raguwa. Da aka auna sosai sai aka ga abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100. Sukarin shayi, da ƙosan da aka tsinta a hanya, da lemon kwalba na wurin biki, irinsu ne suka fi sulalewa daga lissafi.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi kafin ya amince da adadi. A ninka giram ɗin furotin da 4, na kabohaidiret da 4, na maiƙo da 9, a haɗa. Abinci mai furotin giram 10, kabohaidiret 20, maiƙo 10, ya kamata ya ba da kalori 210 ko kusa da haka. In manhaja ta ce 90, to a bar wannan a nemi wani. Haka kuma sikelin ɗakin girki ya fi kintacen ido nesa ba kusa ba, musamman a kan mai da hatsi.

Ga mai neman rage ƙiba, kuskuren wayar ɓata masa lokaci kawai zai yi. Ga mai ciwon sukari da ke daidaita allurar insulin da yawan kabohaidiret kuwa, maganar rai ce. Dafaffiyar shinkafa giram 200 tana da kabohaidiret kusan giram 56. In ya zaɓi ɗanya bisa kuskure, wayar za ta ce masa kusan 160, ya yi allura kusan ninki uku na bukatarsa, sukarin jininsa ya faɗi har ya kai ga suma. Saboda haka lalle ne irin waɗannan majinyata, da masu ciwon ƙoda da aka ƙayyade wa furotin, su kai wa likita ko masanin abinci na asibiti abin da suka rubuta ya duba, kada su sauya ma'aunin magani bisa adadin waya kaɗai.