Wa Zai Faɗa wa Yaran? Lacca a Kan Kunya, Balaga da Lafiyar Matasa



A watan Nuwamba na 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa da ta cire darasin ilimin jima'i daga makarantu. Hujjarsa ita ce wannan aikin iyaye ne da malaman addini, ba na malamin aji ba. Mutane da yawa a nan Arewa suka ce madalla, ƙungiyoyin lafiya kuwa suka yi masa ca. Rigimar ba sabuwa ba ce. Tun farkon shekarun 2000 aka kai ruwa rana a kan wannan manhaja, har a 2003 aka sauya mata suna ta koma ilimin zaman iyali da kariya daga ƙanjamau, aka kuma bar kowace jiha ta rage abin da take ganin ya saɓa wa al'adarta.

Ni na yarda da rabin maganar ministan. Iyaye da malaman addini su suka fi cancanta. Abin tambaya shi ne, suna yi ɗin?

Duk wanda ya yi karatun zaure a cikinku ya san inda ake farawa. Yaro ya sauke Alƙur'ani ko bai sauke ba, ana ɗora masa Ahalari da Ishmawi, daga baya Risala. Me ke cikin babukan farko? Tsarki. Abin da ke wajabta wanka, bambancin maniyyi da maziyyi, kwanakin haila, jinin biƙi. Malaman Malikiyya sun rubuta waɗannan ɓaro-ɓaro, don ɗan shekara goma sha biyu ya san hukuncin jikinsa kafin salla ta hau kansa. A hadisi ma an ruwaito Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin macen da ta yi mafarkin balaga, ya kuma ba ta amsa. Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. A ƙasar nan tamu, Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata 'yan uwansu. Saboda haka wanda ya ce yi wa matashi bayanin jikinsa baƙon abu ne da Turawa suka kawo, bai duba littafin da ke kan buzun kakansa ba.

Abin da ya faru shi ne mun riƙe littafin mun saki bayanin. Ku shiga ajin Islamiyya ranar da aka zo babin haila. Malam zai karanta Larabcin da sauri, ya fassara da muryar da ba ta wuce layin gaba, 'yan mata sun sunkuyar da kai cikin hijabi, samari na danne dariya, sai ya ce, “To, sauran ku tambayi iyayenku a gida.” A gida kuma uwa tana jin nauyin 'yarta, balle in 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ta kamawa. Da can akwai mafita. Kaka tana nan, abokiyar wasa ce, babu abin da ba ta faɗa. Gwaggo tana nan, ita ke jan yarinya ɗaki. Yau ma'aikaci yana haya a Kaduna ko Abuja, ɗaki biyu da falo, kaka tana ƙauye, gwaggo sai a waya. Gurbin ya zama fanko, kuma ba a bar shi haka ba: TikTok ya shiga, ƙawaye sun shiga, mai kemis na bakin layi ya shiga, masu tallan maganin gargajiya da lasifika a tasha sun shiga, su da ba su san kunyar kowa ba. Abin mamaki, wannan lasifikar ba mu cika tayar da jijiyar wuya a kanta ba kamar yadda muke yi a kan littafin makaranta.

Masu adawa da manhajar ba mahaukata ba ne, kuma ba na son masana lafiya da ke nan su riƙa kallonsu haka. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, shi ne kuma ya sake motsawa a watan Oktoba na 2023, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar HPV mai haddasa kansar bakin mahaifa. Nan take raɗe-raɗi ya bazu cewa maganin hana haihuwa ne. Ba haka ba ne. Amma uban da ba a taɓa zama an yi masa bayanin mece ce wannan kansa ba, da yadda take ɗaukar shekaru tana cin mace a ɓoye kafin ta bayyana, me zai sa ya miƙa hannun 'yarsa?

Bari in ɗan tsaya a kan yoyon fitsari, don a nan shirun ya fi tsada. Naƙuda ce take tsawaita, kwana biyu, kwana uku, kan jariri ya maƙale yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Wanda ya taɓa shiga asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin tun shekarun 1980, ko cibiyar Laure a Kano, ya ga 'yan mata zaune a kan leda, kowacce da robar fitsari a gefenta, da yawansu miji ya sallame su. Ana yawan ɗora laifin duka a kan auren wuri. Ƙarancin shekaru yana ƙara haɗarin, babu musu, domin ƙugun bai gama buɗewa ba. Amma mace mai haihuwa ta shida ma tana kamuwa. Abin da ke raba mai tsira da mai yoyo shi ne a kai ta inda za a yi mata tiyata a kan lokaci. Sau da yawa kuma abin da ke hanawa ba mota ba ne kaɗai. Maigida ya yi tafiya bai bar izini ba. Yarinyar an koya mata cewa jarumta ita ce ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba. Angon nata, ɗan shekara ashirin da biyu, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ta zama abin gudu asibiti. Wannan ilimin, a wane babi na tarbiyya ya zama batsa?

Akwai inda muka nuna za mu iya. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure: ƙanjamau, ciwon hanta, da rukunin jini saboda sikila. Limamai suka karɓa, yanzu waliyyi na tambayar takardar asibiti kafin a shafa fatiha, ba wanda ya ce an zubar da mutunci. Dalili kuwa, an kawo maganar ta bakin mutanen da jama'a ta amince da su, da harshen da ta sani.

Sai dai gwajin yana zuwa a makare. Saurayi mai AS da budurwa mai AS, kowane ciki da za a samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Yaushe suke jin wannan? Bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, akwatunan lefe sun shiga gida, dangi sun yi anko. A wannan lokacin ne wasu ke neman wanda zai rubuta musu takardar ƙarya. Gwajin da ake yi saura mako biyu biki, babu abin da zai hana a yi wa yaro shi yana aji uku na ƙaramar sakandare, malamin kimiyya ya zana masa lissafin a allo, malamin fiƙihu kuma ya ɗora masa da hukuncin ɓoye aibi a wajen neman aure.